Ba Firgita Ba Ce

Zuciyar Sabrin Abdul-Ati ta tsaya cik a kan gadon tiyata, idonta biyu, tana kallon na'urar da ta nuna hakan. Sannan ta ci gaba da bugawa. An ciro 'yarta da rai, ita kuma tun ranar Talata tana ɗakin kulawa ta musamman a wani asibiti a garin Minya, kudu da Alƙahira.

Tun cikin yana wata biyar ƙirjinta ke fizga kamar an sa mata tattabara a riga. Uwarta, Hajja Ni'imat, ta ce firgita ce, daga ranar da saniyarsu ta tsinke igiya ta yo kanta. Aka aro tasar firgita a maƙwabta, ta tagulla mai ayoyi a ciki, aka jiƙa dabino a cikinta ya kwana a raɓa, ta sha ruwan. Abin ya lafa, ya dawo.

A hanyar asibiti uwar ta ja mata kunne. "Kada ki ce musu zuciya. Waɗannan ko atishawa kika yi sai su tura ki Alƙahira. Bakwai na haifa, wa ya taɓa leƙa ƙirjina?"

Shi ya sa da likitar allurar kashe zafi, Dakta Mirfat, ta tambaye ta, ta ce lafiyarta lau.

Aka manna mata wayoyi a ƙirji. Karon farko ke nan da ta ji zuciyarta a wajen jikinta, ɗaki guda yana saurare. Ana ciro jaririya, ƙarar na'urar ta ƙara sauri har ta haɗe.

"Wannan ba baƙo ba ne," in ji likitar. "Tun yaushe, ƙanwata?"

"Inna ce ta ce kada in faɗa."

"To, Inna ta shigo ta riƙe miki zuciyar mana. Saurara. Zan ba ki magani, za ki ji kamar kin mutu. Ba ki mutu ba. Ni za ki kalla."

Da aka yi mata allurar, ba ita ta kalla ba, na'urar ta kalla. Ƙarar ta ɗauke, layin ya miƙe. Masu tiyata suka tsai da hannu. A cikin shirun nan Sabrin ta ji kukan 'yarta sarai, alhali babu abin da ke motsi a ƙirjinta. Sai bugu ɗaya. Sai wani, a natse.

"Subhanallahi," in ji wata nas a hankali.

Gwaji ya nuna wata ƙofar zuciyarta ta daɗe da ƙuntacewa, kuma ruwa ya taru a huhunta. Likitar ta ce da an sani tun da wuri, da magani ya tare shi. Har yanzu Sabrin ba ta shayar da 'yarta ba.

Mai karatu, addu'a ba ta hana faɗa wa likita gaskiya. Mai ciki da ke jin bugun zuciya ya sauya, ta faɗa kafin a kwantar da ita.

Mijinta ya tambaya ko za ta iya ɗaukar wani cikin. Ba a ba shi amsa ba tukuna.