Randar Rumfa ta Shida

Tun shekarar da zafin bazara ya kashe 'yan tsere tara aka kafa doka: duk mai shiga gudun kilomita tamanin na duwatsun Kwatarkwashi sai ya ɗaura awarwaro mai auna zafin jiki. Da ya yi ja, gudu ya ƙare, mota za ta sauko da mutum daga duwatsun.

Da azahar Lantana ta iso rumfar ruwa ta shida, inda yayanta Tanko ke aiki. Saura mata kilomita goma sha biyu, duk hawa. Leɓɓanta sun tsattsage, awarwaron ya yi ruwan goro.

"Yaya, buɗe min randar," ta ce.

"Zauna tukuna. Kin ga idonki kuwa?"

"Shekara uku ana cire ni daga tseren a nan. Bana sai na ga ƙarshensa."

Tanko ya waiwaya, ya ɗaga faifan da ke rufe da randar. Ta tsoma hannu cikin ruwan sanyi har awarwaron ya koma kore, ta kama hanya tana tangaɗi.

Da ta ɓace bayan dutse, ya duba allon da ke nuna kowane ɗan tsere da ɗigo mai launin awarwaronsa. Su hamsin da huɗu ne a rana irin wadda ƙadangare ma bai fito ba, kuma ɗigon kowa kore ne shar. Ashe kowace rumfa da randarta. Na wani can gaba ma kore ne, amma ya fi rabin awa bai motsa ba.

Tanko ya cika gora biyu, ya bar rumfar ba kowa, ya bi sawun ƙanwarsa.