Hedimasta da Lambatun Gangare

Ana saura kamar wata guda damina ta kankama, lambatun da ke kwashe ruwan wata unguwa ya toshe da yashi da leda da tokar murhu. Gidan da ke can ƙarshen gangare na wani tsohon hedimasta ne, wanda ya shekara talatin yana koyar da Turanci. Katangarsa ta ƙasa ce, bara ma da ƙyar ta kai kaka, ya kuma san in ruwan bana ya rasa hanya, ta ɗakin matarsa zai ratsa. Yasar lambatun ta fi ƙarfin mutum ɗaya, sai gayya. Shi kuwa mutum ne mai bin kalma har gidan kakanninta. Ya san kalmomin da Turawa ke yabon ƙarfi da su yawancinsu aro ne daga Latin, harshen Rumawan dā. Wadda suke faɗa wa abu mai ƙwari, asalinta sunan wata bishiya ce mai taurin itace. Wadda suke nufin gamsar da mutum da ita, tushenta cin abokin gaba da yaƙi. Wadda ya fi so kuwa, ta hujjar da ba ta da makawa, ma'anarta ta farko a koro dabbobi a tara su wuri guda. Sai ya ɗauka haka ake yi da mutane: ka tsaya bayansu da hujja, ka toshe kowace kafa, dole su nufi inda kake so.

Juma'a uku a jere yana tare mutane a ƙofar masallaci. Wani tela ya ce yasar lambatu aikin hukuma ne, hedimasta ya lissafa masa daminu goma da aka yi ana jiran hukuma. Wani mahauci ya ce shi gidansa kan tudu yake, hedimasta ya tambaye shi ko sauron da ke ƙyanƙyasa a kwatami ba ya iya hawa tudu. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ƙure shi a gaban jama'a. Suka ce, “Gaskiya ne, Malam, maganarka dutse.” Ranar Asabar da aka sa don gayyar, ya fito da farar riga da takardar sunaye, ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiya yana jiran ya raba wa kowa wurin aikinsa. Har rana ta take ba wanda ya zo, in ban da mahaucin da ya wuce bisa babur ya ɗaga masa hannu.

Bayan kwana biyu aka yi ruwan farko, ruwa ya kwanta har dokin ƙofarsa. Da safe ya bi gangaren zuwa rafi don ya ga inda ya kamata ruwan ya faɗa, sai ya tarar da garken shanu sun yi cirko-cirko a gaɓa, sun ƙi shiga. Ya tsaya ya ga yadda za a koro su. Makiyayin, wani dattijon Bafillace, bai ko waiwayi bayan garken ba. Ya naɗe rigarsa, ya gitta sanda a kafaɗa, ya shiga ruwan har ƙugu, sa'an nan ya kira wata jar saniya da sunanta. Ta sunsuni ruwan, ta bi shi, sauran suka bi ta. Hedimasta ya ɗaga murya ya ce, “Baffa, sandar fa, ta ado ce?” Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ta maciji ce, Malam. In na tsaya bayansu ina duka, gabas da yamma za su watse. Nagge ba ta shiga ruwan da ba ta ga ƙafar mai ita a ciki ba.”

Washegari bayan asuba hedimasta ya sa tsohuwar taguwa, ya ari shebur, ya sauka cikin baƙin taɓo har gwiwa. Bai kira kowa ba. Telan da ya kunyata ya daɗe tsaye a bakin shagonsa yana kallon dattijo mai furfura yana kwasar laka yana haki, can ya ce, “Haba Malam, ai ba alli ba ne! Kawo nan ka ga yadda ake riƙe shebur.” Ya tuɓe takalmi ya shiga. Mahauci ya zo da baro. Kafin azahar maza goma sha ɗaya ne a cikin lambatun, mata na miƙo kunu ta kan katanga. Ranar Alhamis aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya bi ta bayan gidan hedimasta ya faɗa rafi, katangar na tsaye.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.