Jar Rigar da Aka Hana Basit

Basit ya sake miƙa hannu ga jar rigar, kantin ya sake hana shi. Rubutun nan dai ne ya fito a fuskar wayar: wannan kaya na mata ne kawai.

Wasan irin na intanet ne, wanda kowa ke da mutum-mutuminsa, ya gina gida, ya yi noma, ya fita farauta da abokan da bai taɓa gani ido da ido ba. Basit ya daɗe a ciki. Yana da bene a bakin tafki, da gonar ayaba, da wani kare da ya raɗa wa suna Dumso, wato ɗauke wuta a bakin 'yan Gana, don shi ma kamar wutar lantarki ba ya sallama in zai tafi. Duk garin wasan an san shi da baƙin sulke da baƙar hula. Mutum ne da ko a gaske kaya mai launi ba ya burge shi.

Rigar kuwa ja ce wur, doguwa har ƙasa, da zare ruwan zinariya a wuya. Irin wadda in mace ta shiga gidan biki da ita a unguwar Sakasaka, masu ganga sai su manta da amarya.

To ka ji rainin hankali. A wasan nan mutum na iya hawa kada ya tashi sama, ya mutu da safe ya dawo da hantsi garau, amma da aka zo kan riga, a nan ne wai hankalinsu ya dawo. Mu nan Tamale ko Hausarmu ba ta wahalar da kanta haka. Mace “ya zo”, namiji “ya zo”, kuma ba wanda ya taɓa ɓata hanyar gidansu.

Saƙo ya faɗo daga Abdul-Wadud, abokin farautarsa na Kumasi.

“Cale, abokina, me kake nema a layin mata tun ɗazu?”

“Rigar nake so.”

“Kai? Ka ɓace ba labari, ka dawo harbin ma ya gagare ka, yanzu kuma riga. Kunna makirufo mu yi maka dariya da kyau.”

“Ya lalace.”

“Kullum ya lalace. Faɗi gaskiya, madam ce ta sa ka?”

“Ita ce.”

“Na sani! Gaishe ta, ka ce ta ji tsoron Allah ta sako mana kai.”

A ɗakin da wayar take, fanka ta tsaya tun azahar. Labule a sake, madubi a kife a kan akwati, kwalaben turare an kwashe su an bar shatinsu a kan teburi. Ƙarar yalo-yalo, kekunan haya masu ƙafa uku, na shigowa daga titi, wani gida can baya ana kiɗan suna. Aka ajiye kwano a bakin ƙofa. Adijatu ce, yayar Basit, ta zo da tuwo da miyar ayoyo, maƙwabciyarsu Barikisu na biye da ita.

“Ya ci na safe?” in ji Barikisu, murya ƙasa-ƙasa.

“Bai taɓa ba. Yana ciki dai.”

“A bar shi. Sai a hankali.”

Takunsu ya yi nisa. Aka jawo wayar daga ƙarƙashin matashi.

Hanya dai akwai ta, masu wasan ba su ɓoye ba. Mai son kayan mata sai ya koma mace. Sai dai lambar waya ɗaya mutum ɗaya take ɗauka. In sabuwa za ta shigo, tsohon zai fita, kuma ba shi kaɗai ba: benen, gonar, karen, sunan, da duk saƙonnin murya da ya taɓa turawa abokai yana ihu yana dariya a bakin farauta. Shara ɗaya za a yi musu. Mugunta ma a iya ta, har hoton rigar suka liƙa a gefe tana walƙiya.

Tambayar ta fito: ka tabbata kana so a goge Basit?

Yatsa ya tsaya a sama. Riga ce fa kawai, rigar ma ta ƙarya, ba ta tare sanyi ba ta tare rana. Amma wanda bai taɓa zama a ɗaki idonsa na yunwar launi ba, ya yi shiru kawai, bai san kome ba. A can ƙasan tambayar, Basit na tsaye a ƙofar kanti yana ɗan rangaji, irin na mutum-mutumin da aka bari yana jira, karen ya kwanta a kan ƙafarsa.

Yatsan ya sauka a kan a'a.

Basit ya tsallaka zuwa layin maza. Baƙi, toka, ruwan ƙasa, baƙi kuma. Can ƙarshe aka samu wata riga batakari fara mai ratsin ja siriri, kamar an ba da shi ana jin haushi. Ya saka. Aka juya shi hagu, aka juya shi dama, aka bar shi yana fuskantar gaba.

Shahida ta goge fuskar wayar da bakin zanen takabarta, ta dubi mijinta, ta ce, “Yi haƙuri, maigida, na san ba ka son ja. Ka sa mini dai har in fita.”