Rariyar Inna

Rariya ɗaya ce a gidanmu na Yargalma. Da ita Inna ke tankaɗen garin tuwo, da ita kuma take tankaɗe garin dutsen zinarin da Baba ke kawowa daga rami.

Wani yammaci ina riƙe mata faifai, ƙanena Sani na goye a bayanta, ƙurar tana sauka a kansa. An riga an zo an gaya mana akwai gubar dalma a dutsen, ita ke kashe yara.

Na ce, "Inna, ba an ce a bari ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In mun bar dutsen, mi za mu ci?"

Sani ya rayu, amma har yau ba ya iya haɗa magana. Ni kuwa yanzu na girma, ina aiki a ɗakin binciken kimiyya, ina renon ƙwayoyin halittar da kan rikiɗe su zama na ƙwaƙwalwa, ko wata rana su gyara abin da ya lalace. Aikin tafiyar hawainiya yake, na sha yin niyyar barinsa. Sai Inna ta kira ta ce, "Maganin ƙanenki ya samu?"

In na bari, me zan gaya mata?