Kwafin da Ya Bar Fihirisa a Baya

Ana saura mako guda bikin kaka na Koriya, wato Chusok, shafin intanet na wani kamfanin sayar da tuffa a birnin Daegu ya fara rarrafe. Mai son aika wa surukansa kwalin tuffa sai ya danna ya zauna jira har shayinsa ya huce, daga nan ya koma wani kamfanin.

Madam Seok, mai kamfanin, ta sauko daga bene da kanta, abin da ba ta yi sai idan za a kori wani.

"Bang, me ka taɓa?"

"Ni kuma, ranki ya daɗe? Yaran nan ne, ba sa jin magana."

Bang Gi-tae shi ne shugaban sashen kwamfuta, kuma duk Daegu ba wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba. Idan abu ya shige masa duhu, rufe ƙofar ofis yake yi, ya leƙa shafin intanet na wani mai kiran kansa Kawu Mai Sauƙaƙawa, wanda ke amsa tambayoyi kyauta. A makon da ya wuce ya so ya kwafi teburin bayanan da ke ɗauke da odar masu saye zuwa sabon tebur. Kawu ya ba da umarni layi guda, ya ce yana kwashe komai da komai. Bang ya buga, ya ga bayanai sun cika cif, ya goge tsohon teburin, ya fita cin taliya mai sanyi.

Yanzu ya ɗora laifin kan yara, ya ɗora kan masu ba da intanet, ya sa aka sayo babbar na'ura. Babbar ma ta bi sahun ƙaramar. Tuffa ta fara laushi a sito.

"Gobe war haka, ko shafin ya tashi ko kai ka tashi," in ji Madam.

Sai Bang ya tuna da tallar wani ƙwararre da yake gani a ƙasan shafin Kawu. Ya kira lambar. Da la'asar Malam Yeom ya iso daga Seoul, dattijo mai sanyin murya. Bai tambayi abin da ya faru ba, bai taɓa kofin da aka kawo masa ba. Kai tsaye ya buɗe sabon teburin.

"Kun kwashe bayanai kun bar fihirisa," ya ce da Madam. "Ita ke nuna wa kwamfuta inda kowace oda take. Idan babu ita, sai ta bi layi-layi tun daga farko, a kan kowane mai saye. Irin wannan kwafin ba ya ɗaukar ta."

Ya sake gina fihirisar. Kafin kofin ya huce, oda ta fara zubowa.

"Wa ya yi kwafin?" in ji Madam.

Yeom ya juyo mata da fuskar kwamfutar, inda sunan wanda ya ba da umarnin yake. Yaran duk suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don danne dariya.

Nan take Madam ta mayar da Bang sito, wurin manna takarda a jikin kwalaye, ta kuma ɗauki Yeom ya riƙa duba musu na'ura har shekara. A bakin ƙofa dattijon ya dafa kafaɗar Bang.

"Kar ka sa a ranka, Manaja. Ba kai kaɗai ba ne a watan nan."

Bang ya zauna a kan kwalin tuffa, ya buɗe shafin Kawu, ya rubuta dogon gargaɗi: wannan umarni yana barin fihirisa, kada wanda ya bi shi.

A jirgin ƙasan Seoul wayar Yeom ta motsa. Ya karanta gargaɗin har ƙarshe, ya gyaɗa kai don babu kuskure a ciki, ya goge shi, sannan da sunan Kawu ya amsa wa wani sabon mai tambaya daga Gwangju: "E, ɗana, layi gudan nan yana kwashe komai da komai."