Minti Goma a Hindawiyya

Motar makaranta ba ta gama fita daga harabar masaukin ɗalibai ba, saƙon murya na huɗu ya shigo wayar Mudassir. Ya kara ta a kunne. Muryar yayarsa Raihana ce, duk ta dishe: "Tun asuba Umma ko ruwa ba ta sha ba. Sunanka kawai take kira. In da hali ka zo, Mudassir."

Ya kife wayar a cinya.

Satinsa uku ke nan da sauka Makka cikin sababbin ɗaliban da suka samu gurbin karatu kyauta. Iƙamarsu, wato katin izinin zama, ba ta fito ba tukuna, fasfo ɗinsu kuma yana hannun Ustaz Marwan, jami'in da ke kula da su. Dokar a fili take: babu mai fita shi kaɗai sai kati ya fito. Yawon Asabar ɗin nan ma don a rage musu zaman ɗaki aka shirya shi.

Suka je Dutsen Saur, suka zaga Arfa, suka ratsa Mina da fararen tantunanta babu kowa a ciki. Ɗalibai sai ɗaukar hoto suke, wasu na kiran gida suna nuna wa iyaye duwatsu. Mudassir ko ɗaga kai bai yi ba. Da direba ya rikice a wata mararraba, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya rufe.

Hadi, ɗan Maraɗi da suke ɗaki ɗaya, ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Kewar gida ce, ɗan'uwa. Ni satin farko saboda fura kawai na kusa yin kuka."

"Mahaifiyata ce ba lafiya."

"Subhanallahi. An kai ta asibiti?"

"Ba ta iya zuwa asibiti."

Hadi ya gyaɗa kai. Ya san yadda asibiti yake ga marar hali.

Shekara tara rabon Mudassir da Umma. A wajen kawunsa a Gusau ya yi sakandare, can ya haddace Alƙur'ani, can ya cike takardun neman gurbin nan, har da layin da ake tambaya ko ka taɓa shigowa ƙasar, ya rubuta a'a ya sa hannu. Duk wannan wahalar don Umma ya sha ta. A aji kuwa malamai na yaba shi, sai dai suna cewa yana cika auna Larabcinsa kafin ya furta, kamar mai tsoron kada wani abu ya suɓuce masa.

Bayan sun sauko daga gindin Dutsen Nur, Hadi ya fara roƙon a biya da su unguwar Hindawiyya. Tun jiya Mudassir ya raɗa masa cewa ya ji ana sayar da masa da miyar taushe a can. Sauran 'yan Afirka suka mara masa baya, har Ustaz Marwan ya gaji ya ɗaga hannu.

"Minti goma. Kowa ya tsaya inda zan gan shi. Unguwar nan ana yawan kame, ku kuma ba ku da kati. Wanda ya shiga lungu, da ƙafata zan bi shi har inda ya shiga, in dawo in rubuta sunansa."

Motar ta tsaya a bakin wani titi mai cunkoso, tasi na ta hon. Ƙamshin man gyaɗa da daddawa ya daki hancinsu. Hausa ake yi a haɗe da Larabci, Hadi har da dariyar murna. Mudassir ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki kafin ya sauko. Wani tsoho mai sayar da asuwaki ya ƙura masa ido, shi kuma ya juya masa ƙeya.

Mudassir ya yi taku biyar zuwa bakin wani siririn lungu. Ya ƙara uku.

"Ina zuwa, Mudassir?"

"Inuwa nake nema, Ustaz."

"Akwai sanyi a mota."

Ya tsaya. Ya auna maganar ta kowace fuska, kamar yadda yake auna ta tun daren da ya sauka a Jidda, kuma kowace fuska a toshe take. In ya faɗi gaskiya, ba karatunsa kaɗai zai tafi ba. In ya ruga, Ustaz zai biyo shi, kuma duk abin da Ustaz ya gani sai ya rubuta. Ya juya ya hau mota, ya zauna jikin taga.

Wayar ta yi ƙara. Wannan karon kira ne.

"Kana ina?" in ji Raihana.

"Ban samu fita ba, Yaya."

"Ta daina magana, Mudassir. Idonta dai na kan ƙofa."

Ustaz Marwan ya ƙirga kawuna, ya ce wa direba a tafi. Hadi ya ajiye wa Mudassir ledar masa a cinya, da zafinta.

Motar ta fara tafiya a hankali. Ta cikin gilashi ya hango wata mata a ƙarshen lungun, ta fito tsakar rana da waya a kunne tana share ido da gefen mayafi, kuma duk motsin leɓenta yana jin sa a kunnensa da muryar Raihana. Taku arba'in ne daga motar zuwa ƙofar da take tsaye, ƙofar gidan da babu mai iƙama ko ɗaya a cikinsa, inda aka haifi Mudassir, inda aka kama shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka tura shi Najeriyar da bai taɓa gani ba.