Ɗumin Ɗakin Aslaug

Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, ta binne na'urar dumama gida har wuya. Oddvar ya tsaya a kanta yana haki. Farin akwati ne mai fanka, manne da bangon waje, daidai ƙarƙashin tagar matarsa Aslaug. Aikinsa ya zuƙo ɗan ɗumin da ya saura a iska ya hura cikin ɗaki. In ya toshe kuwa, shi ke nan, sanyi ya samu gida.

Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye, ƙirjin Aslaug ba zai ɗauki sanyi ba ko na yini guda. Shi kuwa Oddvar tsohon masunci ne, in aka gaya masa magana sau ɗaya ta zauna daram.

Shebur da tsintsiya suna rataye a ƙusarsu kamar kullum. Ya kwashe dusar ta gefe da shebur, ta saman akwatin kuma ya bi ta da tsintsiya a hankali. Rana ba ta leƙo ƙauyen ba tun shigowar Disamba, hantsi ma wani shuɗi-shuɗi yake. Silifas ɗin ƙafarsa ya jiƙe sharkaf. Oho, gaggawa ce ta hana shi neman takalmi. Ya ture wani keken yara da aka jingina a bangon, yana mitar 'ya'yan maƙwabta.

Sai ya ga abin da yake tsoro. Ruwan da ke ɗiga daga rufi ya daskare a ragar fankar, ya rufe ta ruf.

'Yan zamani da guduma za su far mata, ko su kwara tafasasshen ruwa su kashe ta murus. Ina! Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake so, irin na wankan jariri, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Ya nufi ƙofa. Makullinsa ya ƙi shiga, da ganin haka sanyi ne ya cije kwaɗon. Ya ƙwanƙwasa a hankali don kada ya firgita mara lafiya.

Ingunn ce ta buɗe, yarinyar da yake barin Aslaug a hannunta. Bokitin ruwan ma yana hannunta, har ta sirka.

“Haba Baba! Yau kuma da silifas?”

“Ke dai miƙo ruwa, 'yar nan, surutu ba ya narkar da ƙanƙara. Ta tashi?”

Ingunn ta dubi ƙasa. “Ba ta tashi ba, Baba.”

“To a bar ta ta huta.”

Ya durƙusa a gaban akwatin yana zuba ruwa, yana ɓanɓare ƙanƙara da yatsu. Yatsun suka yi ja, suka koma fari fat, har ya daina jin su. Bai tsaya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ko da yake shi kansa ba zai iya cewa yaushe macijin ya sare shi ba. Abin da ya sani kawai, duk sa'ad da ya ga ragar nan a toshe, zuciyarsa kan yi kamar ta tsage.

Raga ta fita tas. Ya kara kunne yana jiran gurnanin da ya saba ji. Shiru. Ya sake karawa, shiru kake ji.

“Ba ta tashi ba!” Muryarsa ta karye. “'Yar nan, na'urar ba ta tashi ba! Sanyi zai kashe mini ita!”

Ingunn ta fito ko mayafi babu, ta kama hannunsa ta ja shi bakin ƙofa, ta wangale ta. Ɗumi ya bugi fuskarsa, da ƙanshin gahawa.

“Ka ji ko? Kunnenka ne ya tsufa, Baba, aikinka dai bai tsufa ba.”

Allah sarki. Tsoho ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ƙi shiga, wai kada ya kai mata sanyi a jikin tufafinsa. A dokin ƙofa ya sha gahawar, ya ci burodi da jan cuku, idonsa na kan labulen tagar.

Bai gama ba sai ga wata farar mota ta tsaya. Matar da ke tuƙa ta ta fito da bargo, ta yafa masa ba tare da faɗa ba. Lokacin fita teku ya yi ke nan, in ji shi. Ya mayar da shebur da tsintsiya a ƙusarsu.

“In ta farka ki ce mata na gyara. Ki riƙa leƙawa, kada ta toshe.”

“Zan gaya mata, Baba.”

Ingunn ta tsaya har motar gidan kula da tsofaffi ta sha kwana, sannan ta share idonta. Sabuwar na'ura tana can bayan gida tana gurnani. Wannan ta ƙarƙashin taga kuwa ba ta sake juyawa ba tun hunturun da ta toshe, lokacin Oddvar yana kwance a asibiti, aka tsinci gawar Aslaug a ɗakin, kuma tun da Ingunn ta sayi gidan ta kasa bari a cire ta.